Labulen Kamfanin Kawu

Kamfanin waya na garinmu ya shekara tara yana aiki, kuma ma'aikatansa ba su taɓa wuce biyu ba: kawuna, ƙanen mahaifiyata, da ni. Garin ƙarami ne, na manoman gero da gyaɗa, a kan hanyar da ta tashi daga Tanut ta nufi Belbeji. Ɗakin da muka yi aiki a ciki yana nan har yau a bakin kasuwa, wani ɗan kasuwa yana ajiye buhunan wake a cikinsa. Tun da aka kafa dogon ƙarfen sadarwa a bayan gari, kowa ya sayi salularsa ya sa a aljihu, ba wanda ya sake bukatarmu.

Kafin kamfanin, wanda ya tafi Libiya neman aiki kaset yake aikowa gida. Zai zauna gaban rakoda ya gai da mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ba direba, bayan wata biyu kaset ya iso, a kunna a tsakar gida kowa ya ji. Ba a jiran labari a rana kaza, saboda haka ba wanda yake cewa labari ya makara.

Kawu ya yi shekaru yana hawan turakun waya a Damagaram kafin ya bar aiki ya dawo gida. Da aka kai salula Tanut, sai ya yi ta yawo a gari da wata tsohuwar waya a hannu yana ɗaga ta sama, har ya gano cewa a tudun bakin kasuwa ana iya kamo rezo, wato siginar waya, idan eriya ta yi tsawo sosai. Ya haɗa bututun ƙarfe uku ya kafa, ya sayo waya mai kamar akwati, da batirin kamiyo, babbar motar kaya, da allon hasken rana. Ya sa aka rubuta masa allo a ƙofa, kalmar kamfani ta fi kowace girma. Telan da ke maƙwabtaka da mu shi ya raɗa masa suna Dirakta, kuma sunan ya zauna.

"Dirakta, yau ma'aikata nawa suka zo aiki?" haka yake tambaya kowace safiya.

"Duka sun zo," Kawu zai ce, yana share allon hasken rana da tsumma. "Kai fa, har yanzu wandon mutanen nan na sallar bara kake ɗinki?"

Ni Kawu ya ɗauka saboda na yi lakwal, makarantar boko, har koleji, ina jin Faransanci, kuma ba ni da yawan magana. Ina da shekara ashirin da bakwai lokacin. Bayan shekara biyu abin ya bunƙasa, ya sayi waya ta biyu da moto, wato babur, yana kai ta kasuwar Tarka ko ta Falanko, yana kiran wannan reshe.

A watannin farko wayar tana da ƙararrawa mai ƙarfi, kuma idan kira ya shigo Kawu yakan leƙa waje ya ƙwala wa mai kiran kira da suna. Mutane suna zaune a rumfar ƙofa, kowa yana ganin wanda aka nema da wanda ba a nema ba. Akwai wata mata da mijinta ya shekara uku a Sabha, can Libiya. Kullum tana zuwa ta zauna, ana kiran na dama da ita da na hagu, ita shiru. Wata rana wata maƙwabciyarta ta fito daga ɗakin tana gyara mayafi, ta dube ta ta ce, "Ke naki har yanzu bai sami lambar ba?" Aka yi dariya. Matar ta tashi ta tafi gida. Washegari ta kwashe kayanta ta koma ƙauyensu, auren bai sake ɗinkuwa ba.

Abin ya tsaya wa Kawu a rai ƙwarai, domin yana ganin da bakinsa aka yi. Cikin mako guda ya sauya tsarin aikin gaba ɗaya. Ya buɗe akwatin ya cire ƙararrawar, ya sa ƴar fitila ja wadda sai mai zaune a tebur yake ganin ta kama. Ya sa tela ya ɗinka labule shuɗi mai kauri, aka raba ɗakin biyu: gefe ɗaya tebur da mai tsaron waya, gefe ɗaya kujera da kan wayar da ake karawa a kunne. Kowane gida aka ba shi lokacinsa, a gaya wa na waje ya kira a lokacin. Ni nake zama daga safe zuwa azahar, Kawu daga azahar zuwa magariba. Ya hana a rubuta wanda aka kira da wanda ba a kira ba, ya kuma hana mu faɗa wa juna. Ya ce abin da mutum biyu suka sani, gobe tela ya sani.

Sai kuma abin da ya fi alfahari da shi. Idan lokacin gida ya yi kuma kira bai shigo ba, ba ma sallamar mutum a gaban jama'a. Za mu leƙa mu ce, "Shigo," kamar kowa. Ya shiga bayan labule ya zauna minti biyar ko shida, ya riƙe kan wayar idan yana so, sa'an nan ya fito. Na rumfa ba su da hanyar sanin ko ya yi magana ko bai yi ba. A ciki kuma, abin da muke ce masa ɗaya ne: rezo ne ba kyau ta wajensu. Kawu yana kiran wannan rufin asiri, ba ya karɓar ko sisi a kansa. Na ga tsofaffi sun fito daga bayan labulen nan suna murmushi, suna cewa a rumfa wane yana gaishe ku, alhali na san fitilar ba ta kama ba. Mutanen gari sun so kamfanin saboda haka, ko da yake kowa yana zaton shi kaɗai ake yi wa.

Shekarar da nake son ba da labarinta, gero bai yi ba. Maza da yawa ba su tafi bayan girbi ba, suka zauna suna lallaɓa abin da ke rumbu, har sai da ya ƙare a tsakiyar bazara. Lokacin ne mutum bakwai daga garinmu suka haɗu za su tafi Libiya tare. Tsofaffi sun ce ba lokacin ratsa sahara ba ne, amma ba wanda ya iya nuna musu abin da za a ci kafin damina.

Cikinsu akwai ɗan Gwaggo, yayar mahaifina. Taubashina ne, sa'ana, tun muna yara kowannenmu yake cewa ɗayan bawansa ne. Wannan tafiyarsa ta biyu ce. Shi ne ɗan farinta, saboda haka a al'adarmu ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Wancan take ce masa. A tafiyarsa ta farko, idan ya kira, takan karɓi wayar ta tambayi lafiyar duk ƴan garinmu da ke Sabha, gida-gida, ta tambayi tsadar shinkafa a can, ta ajiye ba ta tambayi tasa ba. Shi kuma ya san me ake nufi, yakan amsa mata dalla-dalla har ta gamsu da muryarsa. Matarsa tana gidan tare da Gwaggo da goyon wata biyar, ita ma kunyar suruka ba ta barinta ta zo kamfani. Gwaggo ce mai zuwa, da farantin ƙuli-ƙulinta a ka, kamar talla ce ta kawo ta.

Ranar wata Jumma'a taubashina ya kira daga Agadas, a lokacina.

"Mai gadin akwati," ya ce, "kana nan kana cin kuɗin talakawa?"

"Ina nan. Har yanzu ba su sayar da kai ba?"

"Sun taya, kuɗin bai kai ba. Na ce su jira in kawo musu kai, kai ne mai araha. Saurara, gobe da asuba za mu tashi. Kwana huɗu ne zuwa Dirku, in ta yi tsawo biyar. Da mun sauka kowa zai kira gidansa. Ka ce wa tsohuwa kada ta ɓata ƙafarta kafin Laraba."

Na ce zan faɗa mata. Na tambaye shi motar, ya ce kamiyo ce babba, direban ya san wata hanya da ba a tsayar da mutane. Duk direbobi haka suke faɗa.

Tsarinmu ga matafiya shi ne, daga ranar da ake sa ran saukarsu, kowane gida ya zo kullum a lokacinsa har a sami kiran farko, kuma da yawa sukan ci gaba da zuwa bayan haka. Gidaje uku daga cikin bakwai suka faɗo a safiyata: Gwaggo, da matar wani magini, da wani tsoho mai sayar da igiya. Sauran huɗun suna wajen Kawu da yamma.

Laraba da hantsi Gwaggo ta zo. Ta sauke farantinta a rumfa, ta sayar wa tela ƙuli na dala biyu, na leƙa na ce ta shigo.

"Waya tana aiki kuwa yau, ɗan nan?"

"Tana yi, Gwaggo. Rezo ne ba kyau ta arewa."

Ta shiga bayan labule ta zauna. Ina jin motsin awarwaronta. Da ta fito tela ya ce, "Iya, an ji matafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi," ta ɗauki farantinta. Abin da kowa zai ce ke nan, ko da gidansa na cin wuta. Matar maginin ta zo bayanta, ta shiga, ta fito. Tsohon ma haka.

Ban damu ba ranar. Kwana huɗu ne kawai. Alhamis ma ban damu sosai ba. Da Jumma'a ta wuce, na fara neman dalili, kuma na same shi cikin sauƙi. Taubashina mutum ne mai sakaci, yana iya sauka Dirku ya zauna wajen masu shayi ya manta. Maginin mai tsumulmular kuɗi ne, ba zai biya kira ba sai ya isa Sabha. Ɗan tsohon kuwa sun yi faɗa da ubansa kafin ya tafi. Kowanne da nasa. Ga shi kuma da yamma, idan na dawo wucewa, ina ganin mutanen Kawu suna fitowa daga ɗakin fuska a sake. Na ɗauka huɗun can sun kira, nawa ukun ne marasa kirki.

Gari duka haka ya ɗauka. An ga gidaje bakwai suna shiga suna fitowa, an ji kowa yana cewa lafiya lau. A masallaci har wani ya ce Allah ya sauki yaran nan lafiya, aka ce amin. Kowane gida kuma ya koma yana tunanin shi kaɗai ɗansa ya wofintar, kuma wannan ba abin faɗa ba ne.

Wayar kuwa lafiyarta ƙalau. Ban taɓa ganin rezo ya tsaya cik kamar na makon nan ba. Kira yana shigowa daga Kano, daga Damagaram, har daga Sabha kanta, murya tar kamar mutum yana bayan labule. Zafi ya kai inda ba a iya taɓa bututun eriya da hannu bayan hantsi. Randar da ke ƙofarmu, wadda muke cikawa sau ɗaya a rana, ta koma sau uku.

Ranar Lahadi Gwaggo tana bayan labule fitilar ta kama. Na ɗauka, wani mai awaki ne daga Tarka yake neman mahauci. Na ce ya sake kira. Ta ji ni.

"Ta kudu dai tana ji," ta ce daga ciki.

"I, Gwaggo, ta kudu ba matsala."

"Ta yamma ma na ji tana ji."

Ta daɗe ranar fiye da kullum. Da ta fito ta tsaya a gaban teburina tana duban akwatin, ta ce, "Yarinyar can ba ta cin abinci." Surukarta take nufi. Na ce a ba ta haƙuri, ƙila gobe. Ba ta tambaye ni ko sauran sun kira ba. Ta san dokar kamfani, kuma tambayar za ta zama tambaya a kan wancan.

Talata Kawu ya ɗaure waya ta biyu a bayan moto zai tafi reshen Falanko, ya ce zai kwana can saboda wani biki. Da ma idan zai yi irin wannan tafiya rufe kamfani yake yi da yamma. Wannan karon ya ce in riƙe masa, saboda masu jiran matafiya. Ya lissafa mini lokutansu, ya hau moto ya tafi. Ranar ce kwana na goma da tashinsu daga Agadas.

Na farko ya zo bayan azahar, wani dattijo mai gyaran keke. Lokacinsa ya yi, fitila ba ta kama ba. Na leƙa na ce ya shigo. Kafin in buɗe baki ya ɗaga mini hannu.

"Na sani, rezo ne. Dirakta ya gaya mini."

Ya ɗaga labule ya shiga kamar mai shiga ɗakinsa. Na lura bai ko dubi akwatin ba.

Ta biyu mace ce, yayar ɗaya daga cikinsu. Ta shigo, ta gaishe ni, ta ce, "Yau ma?" Na ce yau ma. Da ta shiga bayan labule na fara ƙirga gidajen a raina. Na uku ya zo da la'asar. Shi ne ya ce mini, ƙasa-ƙasa, in taimaka kada in gaya wa kowa, domin ya riga ya faɗa wa uwar yaron cewa sun yi magana tun Alhamis. Na huɗu ya wuce bayan labule kai tsaye. Ya zauna minti shida cif, ya fito, na ji shi a rumfa yana ce wa tela yaran sun ce Dirku akwai zafi bana.

Kafin magariba na san abin da ba wanda ya sani a garin, har Kawu. Mutum bakwai, ba wanda aka ji muryarsa tun Agadas.

Zan faɗi abin da na yi yadda ya faru. Wayar tana gabana, lambar reshe tana kaina. Na danna ta har ƙarshe, na kashe kafin ta shiga. Na yi tunanin Kawu yana tsakiyar kasuwa, mutane kewaye da shi, za su ji. Na yi tunanin ko akwai abin da ya sani wanda ban sani ba. Na yi tunanin idan na tayar da gari, gobe da safe kira bakwai suka shigo, na tona asirin gidaje bakwai a banza, na kashe kamfanin da hannuna. Shekara huɗu ana koya mini cewa babban laifi a aikin nan shi ne magana. Jandarmomi suna Tanut, kira ɗaya ne. Na rufe ɗakin na tafi gida, na ce da safe idan Kawu ya dawo.

Ya iso Laraba da hantsi, moto duk yashi. Na ja shi ciki na tura ƙofa, abin da ba mu taɓa yi ba da rana.

"Kawu, naka huɗun ba wanda ya kira."

Ya tsuke fuska. "Wa ya ce ka kawo mini wannan maganar?"

"Nawa ukun ma ba wanda ya kira."

Ya tsaya da hular kwano a hannu. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana ƙirga kwanaki. Ya ce, "Na zaci naka sun kira. Gwaggonka na gan ta tana dariya a kasuwa." Sa'an nan ya ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce tun jiya da la'asar. Ya dube ni, ya buɗe ƙofa.

Ya aika aka tara gidajen bakwai a rumfa, da liman, da mai gari. Mutanen kasuwa suka biyo su. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce yau zai yi abin da ya rantse ba zai yi ba, a yafe masa. Ya ce duk wanda ya ji muryar nasa da kunnensa tun bayan Agadas, ya faɗa. Aka yi shiru. Mutane suna duban wanda ya ce Dirku akwai zafi, shi kuma yana duban ƙasa. Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa. Matar maginin ce ta fara magana, ta ce wa yayar matafiyin nan, "Ke ma?" Ta ce, "Ni ma." Daga nan maganar ta zaga rumfar. Ba wanda ya yi kuka tukuna. Gwaggo tana zaune a gefe, farantinta a cinya, tana jera ƙuli-ƙulin da ke jere tun da.

Daga wannan lokaci abubuwa suka tafi da sauri, har abin ya ba ni tsoro, ganin yadda suke da sauƙi. Mai gari ya kira jandarma a Tanut. Kawu ya samo lambar tashar Agadas wajen wani direba. Mai motar ya ce shi ma ya zaci sun sauka, direbansa ba ya kira sai ya juyo. Kafin la'asar an tabbatar kamiyon ba ta shiga Dirku ba. Alhamis da safe motocin nema suka fita, da wani mutumin yankin da ya san hanyar da ba a tsayar da mutane.

Asabar da yamma jandarma suka kira suka ce an ga motar da safe, ta lalace nesa da hanya, akwai masu rai, akwai waɗanda suka rasu. Ba su da sunaye. Lahadi rumfar ba ta ɗauki mutane ba. Ba wanda ya nemi lokacinsa, kowa ya zauna a fili yana kallon ƙofa.

Litinin da hantsi fitilar ta kama. Muryar maginin ce, amma sai da ya faɗi ko shi wane ne na gane. Yana asibitin Dirku. Ya ce biyar daga cikinsu suna da rai. Ya faɗi biyun da babu: ɗan mai gyaran keke, da taubashina.

Liman ya ce ba za a sa mace takaba da jita-jita ba, sai shaidu sun ji daga bakin wanda ya gani. Ɗakin ba zai ɗauki mutane ba da labule a tsakiya, sai Kawu ya hau kujera ya kwance shi. Ya murɗa wayar yadda murya za ta fito fili. Liman ya zauna gaban akwatin, da dattawa biyu, da mai gyaran keke, da Gwaggo a bakin ƙofa. Ni ina tebur.

Maginin ya yi magana a hankali, yana tsayawa yana haɗiyar yawu. Ya ce motar ta mutu a kwana na uku. Ruwa ya kai su mako guda da awo. Suna zama ƙarƙashin motar da rana. Ya ce ba su yanke ƙauna ba da farko, domin taubashina yana ta gaya musu cewa garinmu ba kamar sauran garuruwa ba ne, akwai kamfani, gida bakwai suna jiran kira ranar Laraba, kafin Jumma'a za a san ba su sauka ba. Ya ce taubashina ne ya hana mutane su bar motar su tafi neman rijiya da ƙafa, kuma waɗanda suka saurare shi yawancinsu sun rayu.

Liman ya tambayi ranar da ɗan mai gyaran keke ya rasu, maginin ya ce Laraba. Ya tambayi ta taubashina.

"Jumma'a, bayan la'asar," in ji maginin. "Da asubar Asabar muka ji ƙarar motoci."

"Da idonka ka gani?"

"Ni na rufe masa ido, Malam. Mu huɗu muka yi masa salla da taimama, muka binne shi gefen motar."

Liman ya ce shaida ta cika, takaba ta fara daga Jumma'a. Aka yi addu'a. Mutane suka fara tashi. Sai Gwaggo ta matso kusa da tebur, ta sunkuya wajen akwatin kamar mai magana da yaro.

"Ɗan nan, kana jina? Ni ce uwarsa."

"Ina jin ki, Iya."

"Yana cikin hankalinsa?"

"Har ƙarshe, Iya. Ya yi shahada."

Ta ce to, Allah ya ba ku lafiya. Ta miƙe.

Ni na raka ta gida, ina ɗauke da farantin. Rana ta take, ba kowa a hanya. Tana tafiya a gabana, ba ta sauri. Daga nesa muna jin kukan ya riga mu isa gidan. Da muka kai gindin aduwar da ke kusa da ƙofa sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ranar da Mai waya ya tara mu, kai ka gaya masa?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Ranar ka sani?"

Ina iya cewa i. Kawu ne kaɗai ya san amsar, kuma na tabbata har ya mutu ba zai faɗa ba. Na ce, "A'a. Tun Talata da la'asar."

Na ga yatsunta suna motsi a gefen zanenta, ɗaya, biyu, uku, ta tsaya, ta sake farawa. Ban san ko motocin nema za su iya fita Laraba da safe ba da na yi kiran a yammacin nan. Na tambayi jandarma daga baya, na tambayi direbobi, wasu sun ce i, wasu sun ce da wuya. Ita ba ta tambayi kowa ba.

Ta miƙo hannu ta karɓi farantin.

"Kada ka shigo yanzu," ta ce. "Yarinyar za ta tambaye ka, kai kuma za ka gaya mata. Ka bari sai sadakar uku."

Ta shiga, na tsaya a waje.